Waken Samaru da ake cewa tsutsa ba ta cin sa, in shuka ko in haƙura?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sani ina neman shawara kafin damina ta kankama. Bara tsutsa ta yi min ɓarna a wake ba kaɗan ba, gona ta yi kyau ta rufe kore shar, fure ya fito kamar me, amma da aka zo roro rabin kwasfar duk a huje take da kashin tsutsa a bakin ramin, kuma ba wai ban yi feshi ba ne, na yi har kuɗin hannuna suka ƙare. Yanzu ana ta min maganar wani iri na Samaru wai SAMPEA 20-T wai shi tsutsa ba ta taɓa shi. Wasu kuma sun ce kar in kuskura, wai irin Turawa ne da aka canza wa halitta. Ni dai manomi ne, ina son in ji daga wanda ya shuka ko wanda ya san kan abin.

Abu Maryam: Wa alaikumus salam. Malam ka rufa wa kanka asiri ka tsaya kan irin da ka gada. Abin da tsutsa ta ci ta mutu kai kuma ka ɗauka ka dafa wa 'ya'yanka? Ka yi tunani mana. In guba ce ga tsutsa to guba ce ga mutum, sai dai ta ɗau lokaci.

Malamin Gona: Baban Sadiq sannu da ƙoƙari, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ka kwatanta ita ce tsutsar da masana ke kira Maruca, kuma yadda take rayuwa shi ya sa feshinka bai kama ta ba. Uwarta wani ɗan malam buɗe littafi ne mai ruwan ƙasa da tabon fari a fiffike, da dare yake yawo, ya sa ƙwai a jikin toho da fure. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe sai 'yar tsutsar ta shige cikin furen ta ci cikinsa, ta yi saƙa ta liƙe fure da ganye ko kwasfa biyu wuri ɗaya, daga nan ta huda kwasfar ta shiga. To in ta riga ta shiga, maganin da kake fesawa a saman ganye yake tsayawa, ita tana ciki abinta. Bana in wakenka ya fara fure ka fita da sassafe ka tsinki fure kamar ashirin daga wurare daban daban a gonar ka buɗe da farce, za ka gan ta fara fara da ɗigon baƙi a jere a bayanta. In shekara ta yi muni tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

Shi irin da kake tambaya gaskiya ne akwai shi, ba jita-jita ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello ce ta fitar da shi, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Tun 2009 aka fara gwada shi a killataccen fili a Zariya, hukumar NBMA mai sa ido kan abubuwan da aka canza wa halitta ta ba da izini a farkon 2019, aka yi masa rajista a Disamba 2019, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Kenan shekara goma ana gwaji kafin ya fito.

Abu Maryam: Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. Waye ya ba su ƙwayar halittar da aka saka a cikin waken? Ba kamfanin Monsanto ba ne? Waye ya biya kuɗin? Ba Amurka ba? Tun yaushe suke son mu haka?

Malamin Gona: Ban ɓoye ba Abu Maryam, ban kai wurin ba ne. E, ƙwayar daga Monsanto ta fito, ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi, kuma an bayar ne ba tare da biyan kuɗin mallaka ba. Masu bincike na CSIRO a Ostireliya su suka fara saka ta a cikin wake, hukumar tallafi ta Amurka USAID ta sa kuɗi. Daga nan 'yan Samaru suka yi ta haɗa shi aure da SAMPEA 10 har ya koma kamar shi. Duk wannan a rubuce yake, ba sirri ba ne.

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ni ɗaliba ce a fannin kare lafiyar shuka, bari in ɗan tofa kan maganar Yaya Abu Maryam ta farko don tambaya ce mai kyau kuma kowa ita yake yi. Ƙwayar da aka saka sunanta cry1Ab, daga wata bakteriya aka samo ta da ke zaune a cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, shi ya sa ake cewa Bt. Abin da take sa waken ya yi wani furotin ne. Shi furotin ɗin ba ya aiki sai ya samu abu biyu, hanjin da ruwansa yake da kanwa kanwa irin na tsutsar, da kuma wasu 'yan gurabe a bangon hanjin da zai maƙale a jiki, in ya maƙale sai ya huda hanjin tsutsar ta daina ci ta mutu. Cikin ɗan Adam tsami ne da shi, kuma ba mu da waɗannan guraben, saboda haka narkewa yake yi kamar sauran furotin na abinci. Akuya ma haka, kaza ma haka. Wani abin ma da mutane ba su sani ba, ita wannan bakteriyar an fi shekara hamsin ana sayar da ita a matsayin maganin feshi, har masu noman da ba sa amfani da sinadarai a Turai da Amurka ita suke fesawa a kabeji.

Kuma ba wai an tsallake hanyar da aka saba ba ne aka tafi wannan. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA a Ibadan suna da nau'in wake sama da 15,000 a ajiye, an bincika an bincika ba a samu wanda yake da ƙarfin jure Maruca sosai ba balle a yi aure da shi. Wuta-wuta an samu mai jure ta a cikin waken kansa shi ya sa aka samu irin su SAMPEA 10 ba tare da wata ƙwaya daga waje ba. Maruca ce ta gagara.

Abu Maryam: Ƙanwata na ji bayaninki kuma na gode da ladabi. Amma mu 'yan Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da aka zo aka gwada magani a kan yara, su ma masu farar rigar asibiti ne suka zo da bayani mai daɗi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kar ku ga laifinmu.

Maman Ilham: Wlh ban ga laifinka ba Abu Maryam, abin da ya faru ya faru. Amma ni da nake sana'ar ƙosai da alale kullum hannuna cikin wake yake, bari in gaya muku abin da ya fi tsorata ni. Akwai waken da in ka buɗe buhun warin magani ne zai fara dukan hancinka, ka jiƙa shi ka surfa ka wanke ka sake wankewa warin na nan, hannunka har ƙaiƙayi yake. Wannan fa shi muke ci yau ɗin nan ba gobe ba, kuma ba wani Bature da ya zo ya zuba, mu ne da kanmu. Me ya sa ba a tada jijiyar wuya a kan wannan kamar yadda ake yi a kan na Samaru?

Ɗan Dawanau: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashensu, dalili kuwa sun auna sun samu sinadarin dichlorvos ya wuce kima nesa ba kusa ba, shi ne dai wanda yake cikin maganin sauro da kyankyason nan da kowa ya sani. Mutum zai zuba shi a wake don kar ƙwari su huda kafin farashi ya tashi. Mu da muka fi kowace ƙasa noman wake a duniya a ce kayanmu ba ya shiga kasuwa saboda wannan, abin kunya ne kuma abin tausayi, don wanda aka hana Bature ci ɗan uwanka ne yake ci.

Malamin Gona: Gaskiya ne amma kar mu haɗa abu biyu, kar Baban Sadiq ya tafi da fahimtar da ba ita ba. SAMPEA 20-T ba ya maganin ƙwaron ajiya ko kaɗan. In ka zuba shi a buhu haka nan ƙwari za su maida shi gari kamar kowane wake. Maganin wannan daban ne, buhun PICS mai ciki uku wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ka busar da waken sosai har in ka ciza ya ce ƙaras, ka duba ledar ba huji, ka zuba, ka matse iska, ka murɗe bakin leda ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye iskar da ta rage su mutu da kansu. Ba digon magani. Sharaɗin kawai kar a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum, kuma a ɗora a kan katako nesa da ɓera.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan. Buhun nan mun san shi sosai, ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi sun yi aiki da yawa bisa kanshi, mata ma sun kama shi kwarai. Abin da nika so in ƙara, ba dole sai iri ko kwalbar magani ba. Mu nan tsutsar zangarniyar hatsi ta dame mu shekaru, abin da aka yi shi ne aka kiwata wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke sa ƙwai bisa tsutsar, a saka shi cikin 'yan jikkunan algarara da garin hatsi a rataye ga itace kusa da gonaki, shi fito shi bi tsutsar da kanshi. Wake kuma mutane na daka 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, su jiƙa su tace su fesa da marece. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti amma yana hana ƙwari ci, kuma itacen na ƙofar gidan kowa.

Ɗalibar Samaru: Kawu na Maraɗi gaskiyarka, kuma ita Maruca ma an yi mata irin wannan aikin. Masu binciken IITA da ke Kwatano sun kawo ire-iren zanzaro biyu daga Asiya, can ne ake ganin asalin tsutsar, sun sake su a Benin da Burkina Faso. Abin da ya sa wannan yake da muhimmanci, ita Maruca ba a gonar wake take kwana da rani ba, tana zaune a furen wasu itatuwan daji dangin wake a kudu inda akwai danshi, in damina ta taho sai ta biyo ruwa ta yo arewa. Zanzaron yana rage ta tun daga can. To amma feshin da muke yi barkatai yana kashe zanzaron tare da tsutsar, har da zuma. Shi ya sa ni a wurina rage feshi shi ne babban amfanin wannan irin, ya fi min ƙarin buhun ma.

Baban Sadiq: To malamai yanzu kenan in na shuka shi na huta da feshi gaba ɗaya? Don wanda ya fara gaya min haka ya ce.

Malamin Gona: A'a! Wanda ya gaya maka haka ya cuce ka ko da bai yi niyya ba. Tsutsa ɗaya tak yake kashewa. Darɓa tana nan, za ka ga ta taru baƙi ƙirin a toho ganye ya nannaɗe yana danƙo. Akwai 'yan mitsi mitsin ƙwarin fure, in ka girgiza fure a tafin hannunka za ka ga sun zubo baƙaƙe sirara suna gudu, su suke sa fure ya kakkaɓe kafin ya ɗaura. Akwai kuma masu tsotsar kwasfa, masu warin nan, da suke sa kwasfar ta yamushe ta bushe ba ƙwaya. Duk waɗannan ba ruwansu da Bt, cin abinsu suke. Abin da Samaru ta ce shi ne maimakon feshi shida zuwa takwas da ake yi, biyu ya isa, ɗaya lokacin da fure ya fara ɗaya lokacin da kwasfa take cika. Akwai waɗanda suka shuka suka naɗe hannu ba su fesa ko sau ɗaya ba, fure ya zube, suka dawo suna cewa irin ƙarya ne. Ba irin ba ne, bayanin ne bai kai musu daidai ba, kuma wannan laifin namu ne mu masu kai saƙo, mun yi kaɗan ƙauyuka sun yi yawa.

Baba Alhaji: Yara ina sauraronku. Ni tambayata ɗaya ce kuma ita ce ta hana ni barci kan wannan lamari. Ubana bai taɓa sayen irin wake ba, ni ma sai da girma ya zo na fara ganin ana saye. Kanannado da Ɗan Ila a tukunya muke ajiye su da toka shekara ta zagayo. An ce min wannan in ka shuka bana, 'ya'yansa ba za su tsiro baɗi ba sai ka koma ka saya. In haka ne ko da zinariya yake haifa ba na so, don ranar da ba ka da kuɗi ko mai sayarwa ya ƙi kawowa ka zama bawa.

Ɗalibar Samaru: Baba ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara lafiya. Yana tsirowa Baba. Wake shuka ce da take yi wa kanta barbara a cikin furenta tun kafin ya buɗe, kuma wannan ba irin haɗin nan ba ne na masara da ake cewa sai an sabunta duk shekara. In ka ajiye ka shuka zai fito kuma ƙwayar tana nan a jikinsa. Abin da ake cewa shi ne bayan 'yan shekaru a sabunta daga tushe mai kyau saboda cakuɗewa, a masussuka da buhu da kasuwa iri yana haɗuwa da wani, haka ake ba da shawara a kan kowane ingantaccen iri.

Amma Baba tsoronka na biyu ni ma ina da shi. In kowa ya watsar da Kanannado ya koma iri ɗaya mun yi asara babba, kuma ba ma asarar ɗanɗano kaɗai ba.

Abu Maryam: Yawwa, ashe dai akwai magana. Ci gaba ƙanwata.

Ɗalibar Samaru: Akwai Yaya, kuma a aji ma ana koya mana ita ba ɓoyewa ake ba. Tsutsa tana iya sabawa. A Afirka ta Kudu an fara shuka masarar Bt a 1998, kafin 2007 an samu rahoton tsutsar karan masara ta daina mutuwa a wasu yankuna, kuma wannan furotin ɗin ne dai cry1Ab. Babban dalili manoma ba su bar wani ɓangare na gona da masarar da ba Bt ba kamar yadda aka ce su yi. Hikimar ita ce a cikin dubban tsutsa za a samu 'yan ƙalilan da abin ba ya kashewa, in gona duka Bt ce su kaɗai za su rayu su auri juna su cika duniya, in kuwa akwai waken gargajiya a kusa to za su auri waɗanda ba su da juriyar, 'ya'yan su fito abin yana kashe su. A Indiya ma haka ta faru da tsutsar auduga. Mu abin da ya ɗan taimake mu shi ne itatuwan dajin nan da na faɗa da kuma yawan waken gargajiya da har yanzu ake shukawa. Ana kuma aikin ƙara ƙwaya ta biyu a cikin irin don ya yi wa tsutsar wuya ta saba da biyu lokaci ɗaya. Kenan Kanannadon Baba shi yake tsare wa SAMPEA 20-T ƙarfinsa.

Ɗan Dawanau: Ni kuma bari in kawo ta ɓangaren kasuwa tunda manomi ba don tsutsa yake noma ba don ya ci ya sayar ne. Mai saye girman ƙwaya yake fara dubawa. Farin wake manya irin Kanannado kuɗinsa daban, 'yan kudu kuma da yawa ja suke nema. Shi wannan fari ne matsakaici, ba zai kamo farashin manyan ba. Ku tuna abin da ya faru a Burkina Faso, sun rungumi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu gaskiya, amma zaren ya gajarce kamfanoni suka rasa farashi a kasuwar duniya, 2016 suka ajiye ta. Ba ciwo ta sa wa kowa ba, kasuwa ce ta ƙi. Don haka masu bincike su saka wannan ƙwaya a cikin irin da mutane suke so, manya da ja, in ba haka ba manomi zai cika rumbu ya zo nan mu taya masa a wulaƙance.

Maman Ilham: Mu masu ƙosai ba ruwanmu da girma Alhaji, ɓawo ya fita da sauƙi in an surfa, ƙullu ya tashi in an buga, kar ya sha mai. In ya yi wannan kuma ba warin magani ni zan saya. Amma ina da sharaɗi ɗaya kuma a nan ina tare da Abu Maryam, a gaya min abin da nake saya. In an juye shi cikin sauran wake a kwano ba wanda ya sani, wanda ba ya so an tauye masa haƙƙi.

Abu Maryam: Allah Ya saka Hajiya. Wannan ita ce magana. Kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙungiyoyin kare muhalli irin HOMEF ta Nnimmo Bassey da suka daɗe suna cewa a dakata, har majalisar wakilai ta tattauna batun a 2024 bayan an fito da masarar TELA da ita ma aka canza wa halitta. Su waye suke bin diddigin lafiyar masu ci shekara goma shekara ashirin? Hukumar da ta ba da izini tana da kayan aiki da ma'aikatan da za ta bi kasuwa kasuwa? A ƙasar da maganin da aka hana ma yana nan a kan tebur ana sayarwa?

Malamin Gona: Maganar rauni wajen sa ido ba zan musa maka ba, ina gani da idona a kasuwannin ƙauye, kwalba ba takarda ba kwanan wata, mai sayarwa shi ne likita. Maganar a rubuta a jiki ma na yarda da ita duk da ban ga yadda za a yi da mai awo da kwano ba. Inda muka rabu shi ne, masara mai irin wannan ƙwaya tun 1996 ake cin ta a Amurka da wasu ƙasashe, Afirka ta Kudu farar masarar da suke tuwo da ita mafi yawanta irin wannan ce shekara da shekaru, Gana ma ta bi duk matakanta ta fitar da nata waken mai suna Songotra-T a 2024. A ɗaya hannun kuma ina da yaro ɗan shekara sha biyar da jarkar feshi a baya, ba takalmi ba abin rufe hanci, yana gauraya magani da hannu, jarkar tana yoyo a gadon bayansa, ya yi haka sau bakwai a damina ɗaya, ya dawo yana jiri ana ba shi madara. Wannan cutar ba hasashe ba ce ina ganin ta duk shekara. In zan iya mayar da bakwai ɗin nan biyu zan yi.

Mai Tumaki: Afuwan na shigo a makare. Ba wanda ya yi maganar harawa. Mu da yawa rabin ribar wakenmu a harawa take, in rani ya tsananta dami ɗaya kuɗi ne mai kyau, ga ƙowa. Shi wannan yana yaɗo kuwa?

Malamin Gona: Ba ya yaɗo kamar na gargajiya, a tsaye yake kusan, kuma ɗan wuri ne, kwana 70 zuwa 75 ya nuna. Za ka samu harawa amma ba kamar Kanannado ba da yake malala har kaka. Dabba kuma ta ci ba komai. In kiwo ne gabanka kar ka saki mai yaɗon.

Baban Sadiq: To alhamdu lillahi na ƙaru sosai, Allah Ya saka wa kowa har da Abu Maryam don tambayoyinsa ne suka fito da rabin bayanin. Abin da na yanke zan raba gonar, gefen da na saba sa wake zalla in sa na Samaru, cikin gero kuma in bar Ɗan Ila yadda na saba. Saura ina zan samu na gaskiya? Don a kasuwarmu akwai mai sayar da wani a leda ba rubutu yana cewa shi ne.

Malamin Gona: Kar ka saya. Da ido ba za ka bambanta shi da SAMPEA 10 ba tunda daga jikinsa aka fitar da shi, kuma kowane farin wake ana iya ƙulla shi a leda a kira shi da sunan. Ka nemi wanda yake cikin fakitin kamfani a rufe, da sunan irin a jiki da tambarin hukumar iri ta ƙasa NASC, akwai wurin da ake kankarewa a tura lambar ta waya a tabbatar. In ba ka samu a kusa ba ka je ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarku ko KNARDA, hukumar aikin gona ta jihar Kano, su haɗa ka da dila mai rajista, kuma ka je da wuri don irin ba ya isa, duk shekara ana nema ana rasawa.

Baba Alhaji: Malam ɗan wuri ka ce. To in ya shuka da ruwan fari ba zai nuna a tsakiyar Agusta ruwa ya ruɓar da shi ba?

Malamin Gona: Ranka ya daɗe haka ne, shi ya sa ba a gaggawar sa. A yankin Kano ya bari sai wajen tsakiyar Yuli, ya lissafa kwana saba'in ɗin su faɗo lokacin da ruwa ya fara ja baya, don kwasfa ta bushe a rana. Can kudu da mu wajen Zariya inda damina ta fi tsawo sai a ƙara jinkirtawa zuwa Agusta. Ya sa ƙwaya biyu a rami, ya matse tazara fiye da yadda yake yi wa mai yaɗo tunda shi ba ya rufe ƙasa da kansa, ya ba shi takin sufa tun wajen shuka, wake ba ya son yuriya da yawa ganye kawai zai yi.

Maman Ilham: Feshin ƙarshen nan fa Malam, kwana nawa ya kamata a bari kafin a roro? Don wasu yau su fesa jibi ka ga ɗanyen wake a kasuwa yara suna ci.

Malamin Gona: Kowane magani da nasa kwanakin Hajiya, a rubuce yake a jikin kwalbar, shi ya sa kwalbar da ba takarda ba abin saye ba ce ko da ta fi araha. Wanda bai iya karantawa ba ya kai wa malamin gona ko ɗansa ɗan makaranta ya duba masa kafin ya buɗe. Kuma a fesa da yamma lis lokacin da zuma ta koma kuma iska ta kwanta, a juya wa iska baya, ganyen da aka fesa kar a tsinka a yi miya ko a ba dabba sai kwanakin sun cika, kwalbar kuma a huda ta a binne, kar a wanke a zuba mai ko ruwan sha a ciki.